Rahoton Ayyukan Shekara Na Ƙungiyarmu Ta Masu Kallon Tsuntsaye

Assalamu alaikum. Mai girma shugaba, iyayen ƙungiya da 'yan uwa, ga rahoton bana daga sakatarenku, wanda har yanzu shi ne ma'aji, tunda ba wanda ya yarda ya karɓi littafin kuɗin.

Tarukan wata-wata sun gudana, ban da guda biyu da aka ɗage saboda ba a cika ba.

Zan fara da kuɗin shekara, don shi ne tushen duk wani "me ya sa ba a yi kaza ba" da kuke jefo mini. Waɗanda suka biya ba tare da na bi su ba, yatsun hannu sun isa ƙirga su. Sauran kuwa, sai na kira, sai na tura saƙo, sai a ce "in sha Allahu ƙarshen wata". Watanni sun yi ta ƙarewa. Ni ma ina da aiki da iyali, ba albashi nake karɓa a nan ba. Saboda haka madubin hangen nesa biyu da muka amince za a saya wa sababbin shiga, ɗaya kawai aka saya. Wanda ya ce an yi sakaci, littafi na nan, ya zo ya duba.

Haka ɗan littafin jagorar matafiya da muka yi alkawari. An rubuta babin shiri: takalmin da ke jure caɓi, rigar ruwa, maganin zazzaɓin cizon sauro, fita da asuba, da ladabin rashin kunna kukan tsuntsu a waya kusa da sheƙa. Babin sunaye ne ya tsaya. Tsuntsayen tsibirai da yawa ba su da suna a Hausa, sai an zauna an yi shawara, kuma kwamitin da aka ɗora wa aikin sau ɗaya ya zauna.

Yanzu ga abin da ya wanke mana zuciya: tafiyar tsibirin Sao Tome, da ke cikin tekun Atlantika daura da gaɓar Gabon. Mun zaɓi watan Yuli da gangan, domin daga Yuni zuwa Satumba ne lokacin da mutanen can ke kira gravana, ruwa yana sauƙi, hanyoyin daji suna biyuwa. Wasu sun tambaya me za a je nema a ɗan tsibiri. Amsar ita ce, Sao Tome da Principe suna da tsuntsaye sama da iri 25 da babu su ko'ina a duniya. Tsibiran dutsen aman wuta ne, ba su taɓa haɗe da gaɓar Afirka ba, sai tsuntsayen da suka faɗa can suka rikiɗe a kaɗaice, wasu suka ƙara girma, wasu suka ƙanƙance.

Mun gani da idonmu. Tun a gonakin koko muka ci karo da ƙaton marai na tsibirin, wanda ya fi kowane marai girma, har ɗaya daga cikin iyayenmu ya rantse ba marai ba ne sai da ya ga saƙar sheƙarsa. Washegari muka tashi daga lambun Bom Sucesso, ƙofar shiga gandun Obo da aka kafa a 2006, muka hau zuwa Lagoa Amelia. Ba tafki ba ne kamar yadda sunan ya nuna, tsohon ramin bakin dutsen aman wuta ne da ciyawa ta rufe, in ka taka ƙasa sai ta yi lilo a ƙarƙashinka. A kan wannan hanyar, cikin hazo, jagoranmu ya ɗaga hannu, muka yi tsit. Ga ƙaton sha-kauci, baƙi wul, da dogon baki lanƙwasasshe, yana caccakar ɓawon itace. Babu sha-kaucin da ya kai shi girma a duniya. Madubi ɗaya muka riƙa miƙa wa juna hannu yana rawa, kuma a nan ne na tuna da waɗanda ba su biya ba, Allah ya yafe mini.

Ba mu ga komai da komai ba. Ƙaramin jinjimin daji da kanarin nan mai kaurin baki, wanda ya ɓace wa masana kimanin shekara 100 kafin a sake ganinsa a 1991, suna can cikin dajin kudu maso yamma, sai an kwana a tanti. Ba mu da tanti. Tsallakawa Principe don neman ƙaramar mujiyar da aka tabbatar sabon iri ce a 2022 ita ma ta faskara, domin mutum uku da suka sa suna sun janye ana saura mako guda, lissafin kujerun ƙaramin jirgi ya rushe. Ba laifin kwamitin tafiya ba ne, kuma ina so a rubuta haka.

Masu cewa a turo musu hotuna alhali rabonmu da su tun taron bara, hotunan suna wurin shugaba, za a nuna su a taro na gaba. A zo da kuɗin shekara, da bashin bara ga wanda ake bi. Wanda kuma ya ari madubin ƙungiya bayan mun dawo, ya san kansa, ya taho da shi har da jakarsa.

Wassalam,
Sakatare