Ba Motsa Jiki Ke Sa Wa 'Yan Mata Ciwon Sanyi Ba

Assalamu alaikum Edita,

Dan Allah a ba ni ɗan fili. Ni malama ce a makarantar 'yan mata ta kwana, ni nake fita da yara filin wasa, kuma abin da ke damuna shi ne yadda iyaye suke zuwa suna cewa a cire musu 'ya daga gudu ko ƙwallo wai shi ya sa mata ciwon sanyi. Wallahi ba shi ba ne. Gudu ba ya sa infekshan, har lokacin al'ada ma motsa jiki kan rage wa wasu ciwon mara.

Abin da nake gani da idona shi ne yarinya ta gama gudu a zafin Afrilu ta jiƙe sharkaf, wandon nan mai kama jiki na roba da ɗan kamfai na leda duk zufa, amma haka za ta ɗora siket da hijabi a kai ta wuce aji ta zauna har la'asar, wata kuma ta wanke kamfai ta shanya a cikin loka saboda kunya kar a gani, gobe ta maida shi bai gama bushewa ba. To danshi da ɗumi ai su ƙwayar cutar da ake kira candida ke so, sai kaikayi ya taso da farin ruwa mai gudaji. A cire kayan da wuri, a yi wanka, a sa na auduga wanda ya sha rana. Audugar mata kuma kar ta wuce awa 4 zuwa 8.

Amma wanda ya fi ci mini rai shi ne wankin ciki. Farji da kansa yake tsaftace kansa, akwai ƙwayoyin halitta masu amfani da likitoci ke kira lactobacilli da ke sa wajen ya kasance da ɗan tsami, ma'aunin tsaminsa da ake kira pH kamar 3.8 zuwa 4.5, wannan tsamin ne ke hana miyagun ƙwayoyi yaɗuwa. Sai ki ga yarinya da ta ji ɗan warin zufa ta ɗauko sabulu mai turare tana cusawa, ko ta zuba Dettol a ruwan tsarki, ko alimun, ko wani haɗi da ta gani a TikTok, ta kore masu gadin da hannunta, daga nan ne ake samun ruwa mai ƙarni kamar na kifi, ita kuma ta ƙara ƙaimi wajen wankin abin ya ƙara lalacewa. Ruwan buta ya isa, a waje kawai, daga gaba zuwa baya. Kuma ɗan farin ruwa mara wari mara kaikayi lafiya ne, a daina tsorata yara da shi.

Sannan zuwa kemis a ce "a haɗa min maganin sanyi" ya kamata a bari, don Flagyl ba ya maganin candida, yawan shan antibayotik ma shi kansa yana tayar da ita. In akwai wari, zafin fitsari ko ciwon mara, asibiti za a je a duba. Haka wadda take atisaye mai tsanani ba ta cin abinci sosai har al'ada ta ɗauke mata wata 3, ita ma ta ga likita.

Ina roƙonku ku samo likitar mata ta riƙa amsa tambayoyi a shafinku na lafiya da Hausa, don yaran nan kunya ba ta barin su tambayi iyayensu.

Taku,
Wata malama daga Kano