Rahoton Ayyukan Shekara: Ɗaukar Hoton Taurari a Tsakiyar Fitilun Birni

'Yan uwa mambobi, kwamitin gudanarwa yana gabatar muku da rahoton aikin da babban taron bara ya ɗora masa, wato koyar da ɗaukar hotunan rukunonin taurari daga inda kowa yake zaune, ba tare da jiran ranar da za a samu fita bayan gari ba.

Da auna sararin samanmu muka fara. Ma'aunin da John Bortle ya fitar a 2001 ya kasa duhun dare mataki 9, kuma yawancin wuraren da mambobi suka gwada sun faɗa mataki na 8 ko na 9, inda sama take yin jaja-jaja, taurari ƙalilan ne kawai ke iya ratso ta. Matsalar ta game duniya, domin taswirar da Fabio Falchi da abokan aikinsa suka wallafa a 2016 ta nuna cewa fiye da kashi 80 cikin 100 na mutanen duniya suna kwana ne a ƙarƙashin saman da hasken fitilu ya gurɓata.

Babban aikin shekarar shi ne horon tara hotuna. Duniya tana juyawa digiri 15 a kowace sa'a, saboda haka idan aka bar idon kyamara a buɗe ya daɗe, taurari sukan ja layi, kuma a birni hasken fitilu yakan wanke hoton fes tun kafin a kai ga haka. Mun koyar da ƙa'idar raba 500 da tsawon gilashin kyamara, wadda ke bai wa mai gilashin milimita 50 kimanin daƙiƙa 10, amma gwaji ya nuna mana cewa rage wannan lokaci ya fi fitar da taurari tsaf. Abin da ake yi shi ne a kafa kyamara a kan mazauni mai ƙafa uku, a ɗauki gajerun hotuna masu yawa a tsarin RAW, wato ɗanyen hoton da kyamara ba ta sarrafa ba, sannan a haɗe su da manhajojin kyauta irin su Siril, Sequator ko DeepSkyStacker. Tsabtar hoto tana ƙaruwa a hankali: hotuna 100 sukan rage ɗige-ɗigen datti kusan ninki 10, don haka aikin na masu haƙuri ne.

Rukunin Oriyon ne ya fi gamsar da mu. A hoto guda ɗaya ba a ganin komai sai manyan taurarinsa, har da uku na ɗamararsa, a kan sama mai launin ƙasa-ƙasa, amma da aka tara hotunan aka cire wannan launi, sai jan tauraron Betelgeuse da shuɗi-shuɗin tauraron Rigel suka bayyana, ga kuma gajimaren M42 a ƙasan ɗamarar, ɗan tabo mai ruwan hoda wanda wasunmu ba su taɓa zaton kyamararsu za ta kamo ba. Kaza da 'ya'yanta ma ta fito da taurari masu yawa fiye da waɗanda ido ke ƙirgawa. Rukunin Kaguwa kuwa, wanda taurarinsa duk masu rauni ne, ya ba mu wuya, kuma hotunansa ba su kai a baje su ba.

A kan gilashin tace haske, kwamiti yana da ra'ayi bayyananne. An ƙera yawancinsu ne don tare hasken fitilun sodiyam, wanda ya taru a launi guda, wato tsawon zangon haske na kusan nanomita 589, alhali fararen fitilun LED da ke maye gurbinsu a tituna suna watsa haske a kusan dukkan launuka, ba abin da gilashin zai tare ba tare da ya rage hasken taurarin ba. Muna ba sababbin mambobi shawarar su fara mayar da hankali ga daidaita gani da hannu a kan tauraro mai haske, da zaɓen daren da babu farin wata, da jiran rukuni ya hau tsakiyar sama inda hasken gari ya fi rauni. Manhajar Stellarium tana nuna wannan lokaci.

Mambobi sun kuma aika abin da suka gani da ido ga shirin Globe at Night, mai tattara bayanan jama'a kan hasken saman dare. Da irin waɗannan bayanai ne binciken da Christopher Kyba ya jagoranta, wanda ya fito a 2023, ya gano cewa hasken saman dare yana ƙaruwa da kusan kashi 10 cikin 100 a kowace shekara tsakanin 2011 da 2022. Kwamiti yana ganin wannan aiki ya cancanci ƙarin hannu.

A shekara mai zuwa muna neman amincewar babban taro a kan sayen na'urar bin taurari guda ɗaya, wadda ke juya kyamara daidai da tafiyar taurari, da mambobi za su riƙa karɓa aro, da sake gwada rukunin Kaguwa da ita, da kuma rubuta wa hukumomin da ke kula da fitilun titi takardar neman a sanya musu murfi mai mayar da haske ƙasa.