Zoɓon walima da gorar da ta kumbura

Assalamu alaikum, mutumina.

Wata huɗu ban ji ɗuriyarka ba, sai ga saƙon murya na minti bakwai, rabinsa kukan zoɓo. Ko "ya yara" babu. Na yafe, tunda da albishir a ciki. Allah ya raya mana takwarar Hajiya, ya ƙara wa mai jego lafiya. Goggo da ta ji sai da ta rangaɗa guɗa, ta ce tukuicinta yana wuyanka.

Abin da ka faɗa ya tsaya mini a rai, shi ya sa na zauna na rubuto. Ka ce gorar ta kumbura ta yi tauri, da ka murɗe murfin sai ta yi tsartuwa har sama, ga wani wari tsami-tsami. Don Allah idan da saura, zubar da shi, kada kowa ya sha. Laifin ba na busasshen zoɓon da ka saya a kanti ba ne. Ka zuba sukari tun yana da ɗumi, ka jefa ɗanyen ɓawon abarba bayan ka sauke, ka toshe gora ka bar ta kwana biyu a kicin cikin zafin Yulin Ingila. A bayan abarba akwai yis da ido ba ya gani. Da ya samu sukari da ɗumi sai ya hau ci, yana fitar da iska da giya. Iskar ce ta kumbura gorar, kuma da kwalba ce tana iya fashewa ta ji wa wani ciwo. Aikin da maƙwabtan nan naka masu ɗan kamfanin giya suke yi da gangan ke nan: su dafa ruwan tsiron sha'ir, su zuba yis ɗin da suka zaɓa, su jira makonni, su fitar da 'yar kaɗan ta lokacin zafi a yi ta layi kafin ta ƙare. A Meziko ma, inda ake kai zoɓon Jigawa buhu-buhu, da ɓawon abarba da sukari da ruwa kawai suke haɗa wani abin sha mai kumfa cikin kwana biyu zuwa uku. Ka ga ashe hanyarsu ka bi ba ka sani ba, kai da a makaranta ko ruwan shayi sai an dafa maka.

Ga yadda za ka yi zoɓon walimar na mutum 40, lita 20, kowa ya samu kofi biyu. Busasshen zoɓo kilo 1, ka zaɓi mai duhu wanda ya yi ja har ya kusa baƙi. Ka ɗauraye shi sau biyu da ruwan sanyi, da hanzari, don yashi ya fita. In ka jiƙa shi a nan launin zai bi ruwan wankin ya tafi. A tukunya ka zuba ruwa lita 8 da ɗanyar citta rabin kilo da aka daddaka, kanumfari cokali 2, ɗan masoro, da ɓawon abarba biyu da aka wanke da kyau. Su tafasa minti 20. Tafasar nan ita ke kashe yis ɗin, don haka duk wani ɓawo a wuta zai shiga, ba bayan an sauke ba. Sannan ka kashe wuta, ka zuba zoɓon, ka rufe minti 40. Kada ka bar shi yana ta ɓararraka a kan wuta kamar ana dafa ganda: ɗaci yake fitowa, jan kuma ya dushe. Ka tace da ƙyalle mai tsabta, ka sake zuba wa dusar tafasasshen ruwa lita 4, minti 15, ka haɗa da na farko. Tukunyar kada ta zama ta alminiyam, tsamin zoɓo yana cin ta, ɗanɗanon ƙarfe ya fito. Nemi irin mai ƙyallin nan da ba ta tsatsa. Kanwa kuwa ka rabu da ita. Tana kashe tsami, gaskiya ne, amma tana mai da launin baƙi-baƙi mai shuɗi, kuma tsamin da ka kashe shi ne yake taimaka wa zoɓon ya daɗe.

Wurin da mutane suka fi faɗuwa shi ne hucewa. Tukunya mai lita 12 in ka bar ta haka za ta kwana da ɗumi. Raba shi a robobi masu faɗi, ka tsoma su cikin ruwan ƙanƙara, cikin awa biyu ya shiga firji, firjin kuma kada ya haura digiri 5. Ba sukari tukuna. Ranar walima da safe ka narkar da sukari kilo 1 da rabi a ruwan zafi lita 1 da rabi, ya huce, ka zuba, ka cike da ruwan sanyi har lita 20. Ka ɗanɗana yana da sanyi, domin sanyi yana danne zaƙi. Wani ɓangare ka daskarar da shi tun daren jajibirin walima ya zama ƙanƙarar da za ka jefa a kula, don ƙanƙarar ruwa tana narkewa ta bar maka zoɓo salam.

Maganar citta ta tuna mini. Bayan cutar da ta cinye gonakin citta a Kudancin Kaduna a 2023, wajen Kachia da kewaye, cittar nan ta zama abin lallaɓawa a kasuwa. Mai shayin bakin layinmu ya koma ƙara masoro yana rantsuwa citta ce, Yaya Babba kuma ya ce shi ba zai daina zuwa ba ko ruwan bunu za a ba shi, saboda hirar. Ya tare a sabon gidan, af, gini ya yi kyau, sai dai rijiyar har yanzu ba ta ba da ruwa ba. Autarku kuma an kawo kuɗin gaisuwa, amma wannan ita za ta faɗa maka da bakinta, kada ka ce daga wurina ka ji.

Ka ce uwargida tana son Chapman, haɗin lemon nan irin na Legas. A nan ne nake so ka buɗe kunne. Ɗigon nan mai ɗaci da ake sa masa, Angostura, kashi 44.7 cikin 100 nasa giya ce, ya fi yawancin wuski ƙarfi. Ɗigo uku huɗu ake sawa, shi ya sa da yawa ba su sani ba, amma ba na so ka miƙa wa baƙinka abin da da sun sani ba za su karɓa ba. Ga madadi: Fanta lita 1, Sprite lita 1, ruwan lemon tsami biyu, rabin kokwamba yanka siri-siri, da kofi guda na zoɓon nan mai kauri da ka sa wa sukari sosai, shi zai ba da jan. Ɗacin kuma ka samo shi daga ɓawon lemon zaƙi ɗaya da kanumfari biyar da aka tafasa a rabin kofin ruwa, ko ɗan ruwan tonik. Lemon kwalban a ƙarshe ake zuba shi, a hankali ta gefen jug, a juya sau ɗaya. In ka haɗa tun da safe, kafin azahar iskar ta fice.

Haka nan lemon cittar kanti da ka ce za ka saya don ƙari. A can akwai mai giya sosai da mara giya, kwalabensu kuma kamar Hassan da Husaini. Juya bayan kwalbar ka nemi harufan ABV, lambar da ke kusa da su ita ke nuna yawan giyar da ke ciki. Har waɗanda aka rubuta babu giya, wasu suna da kashi 0.5, don haka lambar za ka duba, ba babban rubutun gaba ba.

Kunun aya kam ban ba ka shawarar yin sa don taro ba, sai in za ka tashi da asuba. Ba a dafa shi, in ya ji wuta kauri yake yi kamar koko, ga dabino da kwakwa a ciki, awa kaɗan a waje ya fara tsami. Ka yi wa mai jego lita 2 ita kaɗai: aya kofi 3 da ta kwana a jiƙe cikin firji, dabino 10, rabin kwakwa, ɗan citta, a markaɗa, a tace sau biyu, ta shanye cikin kwana biyu, tana girgizawa kafin ta zuba don yana kwanciya a ƙasa.

Akwai wata tambaya da ka yi a ƙarshen saƙon, hayaniyar mota ta rufe ta, ka sake turowa. Ka haɗo da hoton jaririyar, Goggo ta hana ni sakat, wai sai ta ga ko hancin gidanku ta ɗauko. A gaida uwargida da jiki, a shafa mini kan takwara.

Naka har kullum,
abokin ɗakinka