A bar mai ilimi ya ƙarasa magana

Edita, assalamu alaikum.

Kwanan nan na kalli tsohuwar muhawarar nan da aka yi a talabijin ɗin ƙasar Holan a 1971 tsakanin masanin harshe Noam Chomsky na Amurka da masanin falsafa Michel Foucault na Faransa, wallahi har yanzu abin bai bar raina ba. Foucault ya fito ƙarara ya ce wai shi adalci ma wani makami ne da mutane suka ƙirƙira wajen kokawar mulki, Chomsky ya ce a'a, akwai tushen adalci a cikin halittar ɗan Adam kanta.

Ni kam ina bayan Chomsky ɗari bisa ɗari, don maganar Foucault tana da haɗari, in ka yarda da ita to da wane baki za ka ce an zalunci maraya? Amma fa abin da ya burge ni, an bar shi ya baje hujjarsa, ba wanda ya daka masa tsawa, Chomsky na zaune yana saurare har ya gama.

Yanzu kuwa sai a yanko sakan 30 a watsa a Facebook a hau tsinuwa. Don Allah ku 'yan jarida ku riƙa kawo mana cikakkiyar magana, mu auna da kanmu.

Naku mai karatu a kullum.