A Tuna da Onica da Abagana

Ranka ya daɗe Edita,

Ina roƙon jaridarku ta riƙa bayyana wa matasa kurakuran da aka tafka a yaƙin basasar Najeriya. A Oktoba 1967, bayan 'yan Biyafara sun karya gadar Kogin Kwara da ta haɗa Asaba da Onica, Kanar Murtala Muhammed ya tura runduna ta 2 ta sojojin Najeriya daga Asaba zuwa Onica a jiragen ruwa. Sau uku ana gwadawa ana asarar sojoji, domin waɗanda suka tsallaka ba sa samun ɗauki ko harsasai. Sai da aka zagaya ta Idah aka kama Onica a Maris 1968.

Ranar 31 ga watan 'yan Biyafara suka yi wa ayarin motocin rundunar kwanton ɓauna a garin Abagana, a kan hanyar Onica. Motocin na tafe dab da juna a hanya ɗaya, da tankar mai a cikinsu. Tana kamawa wuta ta bi layi.

Naku,
Mai karatu daga Kaduna