Wasiƙar Babbar Sallah daga Tuscaloosa

Assalamu alaikum. Baba, barkanku da Sallah, Allah ya maimaita mana, ya ƙara muku lafiya da nisan kwana. Inna, ina gaishe ki da aikin suya, na san har yanzu hayaƙi bai bar tsakar gida ba. Mu nan mun yi Idi da safe, daga nan muka ɗauki mota zuwa wata gona a bayan gari inda aka yanka mana rago. Ba babbaka, ba yara masu yawon barka da Sallah. Naman a leda aka miƙo mini, na soya rabi na kai wa maƙwabcina, wani dattijo da ya saba tambayata yaushe ne ranar nama.

Auta, ga amsar tambayarka kan jar rigar nan mai lamba 2 da na sa maka a kayan Sallah. Ba ta Arsenal ba ce, kada ka kunyata ni a majalisa. Ta jami'ar Alabama ce, ta nan garin Tuscaloosa a Amurka, kuma lambar tsohon ɗan wasanta Jalen Hurts ce. A kanta muka kusan ɓata da dattijon nan yau, yana cin namana yana cewa lamba 13 ya kamata in saya, ta Tua Tagovailoa.

Wasan nasu sunansa ƙwallon ƙafa amma da hannu ake yinsa. Ɗalibai ne ke bugawa, sai dai filin da ke nan yana cin mutum wajen dubu 100, ya ninka na Sani Abacha da ke Ƙofar Mata sau da yawa. A cikin 'yan wasa goma sha ɗaya akwai wanda ake kira kwatabak, shi ke karɓar ƙwallo a kowane hari, ya jefa wa wani ko ya ruga da ita da kansa. Gurbin mutum ɗaya ne, kuma Alabama ta wayi gari da gwanaye biyu.

Hurts ɗan Texas ne, mahaifinsa koci ne, ya tashi yana ɗaga ƙarfe. Tun shekararsa ta farko, 2016, aka ba shi ragama, ya jagoranci wasa 28 ya ci 26. Ƙarfinsa a ƙafa yake da ƙirji, kuma ba ya zubar da ƙwallo: a kakar 2017 sau ɗaya tak abokan hamayya suka cafe jifarsa. Amma gaskiya idan aka tare masa hanyar gudu, jifar nesa tana ba shi wuya a lokacin. Shi kuwa Tua daga Hawaii ya zo, da hagu yake jifa. Inna, ki ji wannan: badama ne, mahaifinsa ne ya koya masa jifa da hagun da gangan, hannun da kika sha buge mini a bakin akushi.

Ranar 8 ga Janairun 2018, wasan ƙarshe na ƙasa a Atlanta, jami'ar Georgia tana gaban Alabama da 13 da nema a hutun rabin lokaci. Koci Nick Saban ya zaunar da Hurts ya sa yaron da bai taɓa fara wasa ba. A ƙarin lokaci aka kayar da Tua can baya, na riga na miƙe zan kashe talabijin, sai ya tashi ya waiga dama kamar can zai jefa, ya sake ta hagu. Yadi 41 ta yi a sama, irin yadin da tela ke aunawa, ta sauka a hannun DeVonta Smith. Alabama ta ci 26 da 23. Dattijon nan ya ce a shekarunsa bai ga hannu irin wannan ba, kuma ban musa masa ba. A kakar da ta biyo Tua ya yi jifar ci 43, sau 6 kawai aka cafe masa. In dai baiwar hannu ake magana, Hurts bai kamo shi ba.

Abin da ya sa na sayi lamba 2 ya faru ne a watan Disambar wannan shekarar. Kowa ya ɗauka Hurts zai tattara kayansa ya canza makaranta. Ya zauna a benci kaka guda yana gyara jifarsa. Sai ga Georgia kuma, a filin nan dai na Atlanta, tana gaba, Tua ya ji ciwo a idon sawu aka fitar da shi. Hurts ya shigo ya jefa wa Jerry Jeudy aka yi kunnen doki, sannan ya ruga yadi 15 da ƙafarsa ya ci ta ƙarshe, 35 da 28. Ranar har maƙwabta suka ji ihuna.

Daga baya Hurts ya kammala digirinsa ya koma jami'ar Oklahoma a 2019, ya zo na biyu a kyautar Heisman ta gwarzon shekara, matsayin da Tua ya samu a 2018. Tua kuma ya goce a ƙugu a Nuwambar 2019, duk da haka ƙungiyar Miami ta ɗauke shi na 5 a zaɓen ƙwararru na 2020, Hurts sai na 53 a Philadelphia. Da na kawo maganar Super Bowl, kofin ƙwararru da Hurts ya ɗauka a Fabrairun 2025, dattijon ya ce wannan ba wasan jami'a ba ne, kada in yi masa wayo. Ya ƙara tsoka biyu ya tafi, bai sauka daga kan bakansa ba.

Auta, rigar kada a sa mata bilic. Baba, kuɗin da na turo ta hannun Yaya akwai na Gwaggo a ciki, a kai mata kafin ta koma ƙauye. Inna, a ajiye mini soyayyen nama a ƙasan tukunya cikin mai, ina sa ran zuwa da hunturu in Allah ya yarda.

Naku,
ɗanku na Amurka