Ga Masu Son Tsofaffin Kayan Sauti Amma Aljihu Ba Nauyi

Malam Edita, assalamu alaikum.

Don Allah a ba ni ɗan fili in yi magana da 'yan uwa masu sha'awar tsofaffin kayan sauti, irin amfilifaya (injin da ke ƙara wa sauti ƙarfi ya tura wa sifika) na Pioneer, Sansui, Kenwood da Yamaha na shekarun 1970, wanda wallahi har yau daɗin sautinsu daban ne.

Kuskuren da mutane ke yi shi ne su zuba duk kuɗin a kan amfilifaya sai a zo kan sifika a ɗauki ko wacce iri, alhali sifika ce ke fitar da muryar, ita ya kamata ta ci kaso mafi tsoka. Ka cire rigar gabanta ka duba soson da ya zagaye bakin takardar da ke fitar da sautin, in ya fara ruɓewa kar ka gudu, ana canza shi da araha, sai ma ka samu ragi. Amma in ka ɗan tura takardar a hankali ka ji tana gurzawa, to kwayil, wato naɗaɗɗiyar wayar da ke motsa takardar, ya tafi, bar ta kawai.

Batun wat kuma, wato ma'aunin ƙarfin amfilifaya, kar ya ruɗe ka, wat 30 na gaskiya kowane ɓangare ya ishi falo. Ka dai duba bayan sifikar ka ga ohm nawa aka rubuta, wato ma'aunin yadda take tare wuta, 8 ohm ta fi sauƙi ga tsohon inji, 4 ohm na sa wasu zafi.

Sannan kar ka biya sai an kunna maka injin ya ɗan jima, hagu da dama duk ka ji. Ƙarar ƙararas in an murɗa boliyom yawanci datti ne, amma gunji mara yankewa sau da yawa kafasita, wato 'yan gwangwanayen da ke tace wuta a cikin injin, su ne suka bushe, wannan sai mai gyara. Kuma kafin ka jona, duba ko na wuta 110 ne ko 220.

Na gode, Allah ya ƙara basira.

Naku mai karatu a kullum.